MU ƘARU DA JUNA: Hoton da ke cikin akwatinka, fata ne da azurfa

   

A wannan wata ba zancen allurar dabbobi na kawo ba, ba kuma na irin albasa ba. Zancen hoto ne. Na san wani zai ce: malam, mu da ke fama da guga da rijiya, ina ruwanmu da hoto? To, a yi mini haƙuri a ji dalili.

Kwanan baya, bayan mun tashi daga karatu, wata dattijuwa cikin ɗaliban ajin mata ta tsaya har kowa ya fita. Ta kwance bakin zanenta, ta fiddo wata ƴar leda. Cikin ledar akwai ƙaramin hoto, irin na takardar shaidar ɗan ƙasa. Ta ce: "Malam, wannan mai gidana ne, Allah ya jiƙan shi. Shi kaɗai ya rage mini. Da ana ganin idanunshi sarai, yanzu sai rawani. Jikokina ba su san shi ba. Akwai magani?"

Na karɓa na duba. Takardar ta koma ruwan ɗorawa, fuska ta dushe, ga sawun robar ɗaure kuɗi ya ratsa ta tsakiya. Na ce: "Inna, ina kike ajiye shi?" Ta ce cikin gwangwanin turarenta, a rataye can sama da murhu, don kada yara su taɓa. Iyakar ƙoƙarinta ke nan, baiwar Allah. Amma duk abin da ta yi don ta tsare shi, shi ne ya taimaka wajen cinye shi.

Na ce ta ba ni kwana uku. Na tafi wajen wani tsoho da ya yi aikin hoto a nan Agadas tun zamanin akwati mai ƙafa uku, wanda mai hoto ke cusa hannu cikin baƙin ƙyalle. Muka zauna muna shan shayi, ina tambaya yana ba ni amsa. Abin da na samo wajensa, da abin da na karanta, shi ne zan raba da ku.

Da farko, hoto ba takarda kaɗai ba ne. Tsohon hoto mai fari da baƙi hawa-hawa yake, kamar shafen ɗaki. A ƙasa akwai takarda. Bisa takarda akwai farin shafe mai santsi, kamar yadda mata ke shafa farar ƙasa ga bango. Bisa wannan kuma akwai wani danƙo siriri, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Cikin danƙon nan hoton yake zaune. Idan danƙon ya tafi, hoto ya tafi, ko da takarda na nan lafiya lau.

Sunan danƙon jelatin. Kada sunan ya ba ku tsoro, kun san shi. Idan aka dafa ƙafar sa ko ganda, aka bar romon ya kwana cikin sanyin hunturu, da safe za ku iske ya daskare yana rawa. To, shi ne. Daga ƙashi da fatar shanu ake fiddo shi a masana'anta, a tace shi, a shafa ga takarda. A 1871 wani likitan Ingila mai suna Madoks ya nuna ana iya yin hoto da shi, kuma har yau da shi ake yin takardar hoto ta wanki.

Makiyaya, ga abin mamaki dominku. Kamfanin Kodak na Amurka ya lura wani jelatin yana ba da hoto mai kyau, wani kuma ba ya bayarwa. Suka yi ta bincike. Sai a 1925 suka gane bambancin daga kiwo yake. Shanun da suka ci wata ciyawa mai yaji, su ne jelatin ɗinsu ya fi. Ashe abin da saniya ta ci a daji yana bin ta har cikin hoto.

To, tun da danƙon nan ɗan uwan fata ne, halinsa irin na fata ne. Ya jiƙa, ya kumbura ya yi yauƙi. Ya bushe ƙwarai, ya tattare ya tsage. Kuma abinci ne: kyankyaso na cin shi, gara na cin shi tare da takarda, ɓera ma ba ya ƙi.

Baƙin da kuke gani cikin hoton kuma, azurfa ce. I, azurfa ta gaske, amma ƙwayoyinta sun fi garin kwalli laushi. Inda hoto ya yi baƙi, azurfa ta yi yawa. Inda ya yi fari, babu ita. Mu mutanen Agadas ba a koya mana halin azurfa. Zobe ko abin wuya, idan ya sha zufa da hayaƙi, sai ya dushe. A kai wa maƙeri ya goge, ya dawo sabo. Ta cikin hoto ba ta goguwa, don ta yi ƙanƙanta. In ta dushe ta dushe ke nan. Babban abokin gabar azurfa shi ne farar wuta, kuma akwai farar wuta cikin robar ɗaure kuɗi. Shi ya sa robar ta bar sawu a fuskar mai gidan innar nan. Hayaƙin murhu, da na fitilar kananzir, da na mota, su ma suna cin ta sannu sannu.

Amma tsohon mai hoto ya ce mini kada in ɗora wa inna laifi duka. Ya ce rabin laifin nasu ne, su masu sana'a. Ga yadda abin yake. Idan hoto ya fito cikin ruwan magani na farko, sai a tsoma shi cikin na biyu. Na biyun wani gishiri ne da ke cire ragowar azurfar da ba ta yi aiki ba, don kada haske ya baƙanta takardar duka. Bayan nan tilas a wanke gishirin ya fita sarai, da ruwa mai yawa, ana canzawa, wajen awa guda. Shi kansa gishirin yana da farar wuta. In ya kwana cikin takarda, zai yi ta cin azurfa har shekara da shekaru.

Ya ce: "Ɗana, a Agadas ta wancan lokaci wa ke da ruwan ɓarna? Bokiti ɗaya nake wanke hoton mutum talatin. Ga mutum tsaye a kaina, ya baro raƙumansa, yana jiran ya kai hoto a yi masa takarda. Ina zan ce ya jira awa guda?" Ke nan da yawa cikin ƙananan hotunan iyayenmu da cutarsu aka haife su. Irinsu sun fi bukatar a lallaɓa su. Wanda aka wanke da kyau kuwa, aka ajiye da kyau, yana wuce shekara 100.

Hoto mai launi shi dabam ne. Babu azurfar da ta rage cikinsa. Rini ne kala uku aka jera cikin jelatin: mai ruwan ɗorawa, da mai ja-ja, da mai shuɗi-shuɗi. Su ukun nan ne ke haɗuwa su ba da kowane launi. Kun san yadda rana ke koɗar da zane. Haka take yi wa hoto. Kuma rinin ukun ba tare suke koɗewa ba, wani ya riga wani. Shi ya sa hotunan biki na shekarun 1970 da 1980 da yawa suka koma ja, kamar an tsoma su cikin ruwan goro. Shuɗin ne ya gudu ya bar jan.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ko cikin duhun akwati rinin yana koɗewa, idan akwai zafi. Masana sun auna: duk lokacin da aka rage zafin wurin ajiya da digiri 5 ko 6, ran hoto mai launi yana kusan ninkawa. Ku duba garinmu. A watan Mayu da Yuni zafi na wuce digiri 40 cikin inuwa. Ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Gaban mota inda direba ke laƙa hoton ɗiyansa, wannan tanda ce. A ganina babu wurin da ya kai ƙuryar ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin na kakanninmu. Masu kuɗi a Turai suna sayen na'urar sanyi don su samu sanyin da ginin ƙasa ke ba mu kaɗan daga cikinsa kyauta.

Allah ya yi mana sauƙi guda. Fumfuna da ke cinye hotunan mutanen kudu, inda damshi ya yi yawa, ba ta cika damunmu ba. Namu ciwon bushewa ne. Za ka ga tsohon hoto ya lanƙwashe kamar busasshiyar fatar akuya. Kada ka miƙe shi da ƙarfi, fuskarsa za ta tsage. Ka bari sai damina, ranar da iska ta yi laushi, ka sa shi tsakanin farar takarda biyu, ka aza littafi a kai, ka ba shi kwanaki.

Sai zancen kilishe. Kilishe na ce, ba kilishi ba, ko da yake ɓera bai bambanta su. Shi ne ƴar ledar nan mai duhu da mai hoto ke haɗo maka cikin ambulan, inda baƙin mutum ke fitowa fari, farar riga ta fito baƙa. Da yawa mun ba yara sun yi wasa da shi. Kuskure ne. Kilishe shi ne uwar hoto, daga gare shi ana sake buga sabo. Akwai wani mai hoto a Bamako ta ƙasar Mali, Saidu Keita, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Ya adana kilishensa, dubbai, bai zubar ba. Bayan 1990 aka fiddo su, aka buga su manya-manya, aka nuna su a Faris da Amurka. Ya rasu a 2001, amma mutanen Bamako na ganin kakanninsu da kayan adonsu har gobe. Mai kilishe a gida ya riƙa sansana shi. In ya ji yana warin tsami, ya fara ruɓewa ke nan, kuma yana harbin na kusa da shi. A ware shi dabam, a gaggauta kai shi a ɗauko hoton da ke ciki. Na da can sosai, na kafin 1950, wani iri ne mai kama wuta kamar fetur. Kada a kai shi kusa da murhu ko fitila.

Yanzu bari in ba ku nawa labarin, don ni ma na yi hasara. A farkon Satumba 2009, cikin watan azumi, ruwa ya sauko daga duwatsun Abzin, korin Telwa ya cika ya ɓalle, ya shiga gari. Gidajen ƙasa da yawa suka zube. Duk wanda ke Agadas a lokacin bai manta ba. Ina saurayi. Hotunan gidanmu duka suna cikin albom guda, a ƙarƙashin gado, bisa ƙasa. Sai bayan kwana uku muka tono shi cikin laka. Muka ce bari mu shanya shi a rana, a rufe yadda yake. Ya bushe ya zama kamar tubali. Da muka zo buɗewa, kowane hoto ya manne da ɗan uwansa. Muna ja, fuskoki na ɓantarewa. Hoton kakana guda ɗaya ne a duniya, ranar ya tafi. Mahaifiyata ba ta yi kukan katifa ba, ba ta yi kukan buhun hatsi ba, wannan ta yi wa kuka.

Da mun sani, da mun ceci da yawa. Hoton wanki cikin ruwa aka haife shi, ruwa mai tsabta na ɗan lokaci ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi shi ne ya daɗe a jiƙe, ko ya bushe a manne. Idan ruwa ya ci hotunanka, kada ka wuce kwana biyu. Ka fiddo su daga albom tun suna jiƙe. Ka sa su cikin kwano mai ruwan sanyi mai tsabta, ka raba su a hankali cikin ruwan. Ka ɗauraye laka ba tare da ka shafi fuskar da yatsa ba, don a lokacin danƙon ya yi laushi kamar kunu. Sa'an nan ka shimfiɗa su ɗaya-ɗaya bisa farin zane, fuska sama, cikin inuwa mai iska. Ba rana, ba wuta, ba dutsen guga. Wanda ya riga ya bushe a manne, ko ya manne da gilashi, kada ka ja. Ka fara ɗaukar hotonsa da salula yadda yake, sa'an nan ka nemi mai sana'a.

Amma a kula, wannan dabara ba ta kowane hoto ba ce. Yanzu shaguna da yawa ba wanki suke yi ba. Na'ura ce ke fesa tawada bisa takarda, kamar yadda ake buga wasiƙa. Wani irin, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa launinsa ya zube, rana kuma ta fi saurin cin shi. Irin wannan ba a tsoma shi a ruwa. In za ka ba da kuɗinka a fiddo maka hoton da kake so ya kai ga jikoki, ka tambayi mai shago: wanki ne ko tawada?

Akwai kuma na'urar da ke liƙe takarda cikin leda da zafi. Mutane na son ta, don abu ya yi ƙyalli kuma ba ya jiƙa. Ga takardar da ke yawo cikin aljihu, ba laifi. Amma hoton da ba ka da na biyunsa, kada ka sa shi ciki. Zafi da danƙon ledar na shiga jikinsa, kuma ba ya sake fitowa. A sake ɗaukarsa, a buga sabo, a liƙe sabon. Haka nan wanda za a rataye a bango: sabon za a rataye, na asali ya koma akwati.

Wani saurayi a ajinmu ya ce shi ya huta, hotunansa duka na cikin salula. Na ce masa, salula nawa suka faɗa rijiya a bana wajen shayar da dabbobi? Katin ajiya na cikinta yana mutuwa ba sallama. A tura hotuna masu daraja ga ƴan'uwa biyu ko uku a gari dabam-dabam. A sani kuma WhatsApp yana rage wa hoto ƙarfi idan aka tura shi haka kawai, saboda haka kada a goge na asali. Biyar ko goma da suka fi, a buga su a takarda.

To, yaya za a ajiye? Ba sai an sayi kome mai tsada ba. Kowane hoto a sa masa farar takarda mai tsabta tsakaninsa da ɗan uwansa. Ba takardar buhun siminti ba, ba jarida ba. Ko wannan jarida tamu, ku karanta ta, amma kada ku naɗe hoto da ita, tawadarta na bi kuma takardarta na tsami. Ban da roba, ban da ƙusa, ban da leda mai danƙo. Albom ɗin da shafinsa ke da danƙo, shi ma a guje shi. A sa su cikin akwati, a aza akwatin bisa duwatsu ko bisa wani abu mai tsawo, nesa da ƙasa saboda gara da ruwa, nesa da murhu da kaskon turare. Sau biyu a shekara a buɗe a duba, musamman kafin damina.

Ku da ke tashi da sauka, na san ba ku da ƙuryar ɗaki. Jakar fata tana da mai, kuma man na shiga takarda. A naɗe hoto da farar takarda, a sa tsakanin kwali biyu don kada ya karye, a naɗe da farin ƙyalle wankakke. Sa'an nan a tura shi tsakiyar tufafi, can cikin kaya, inda rana ba ta kaiwa. In za a nuna wa baƙo, a riƙe ta gefe, da hannun da ba ya da mai ko sukarin shayi. In ƙura ta hau, kada a goge da hannun riga. Ƙurarmu rairayi ce, tana karce fuska. A kaɗe da gashin tsuntsu mai laushi.

Saura abu guda, kuma shi ya fi shafar mu ƴan yaƙi da jahilci. Hoton da ba a san mai shi ba, ko bai dushe ba ya ɓata rabi. Na ga hotuna masu kyau a gidaje, an tambayi kowa wane ne wannan, babu mai amsa, don tsohuwar da ta sani ta rasu. Yanzu kun iya rubutu. Ku rubuta sunan mutum, da na ubansa, da garin, da shekara. Da fensir, wato kireyon, a baya, kusa da gefe, ba dannawa. Bik yana huda danƙon ta baya, tawadarsa kuma na ratsowa. Takardar hoto ta bayan 1970 galibi tana da siririyar leda gaba da baya, fensir ba ya kama ta. Ita sai a rubuta bisa ambulan ɗinta.

Kuma ba mutane kaɗai za a rubuta ba. Ƴan ayarin Bilma da Fashi na da sun san itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin rairayi kusa da rijiya. A 1973 mota ta buge shi ya faɗi, aka kai gungumensa gidan tarihi na Yamai. Mai son ya gan shi da ganyensa yau, sai a hoto. A Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Su ma hotunansa sun ƙara daraja rana ɗaya. Wanda ke da tsohon hoton hasumiyar masallacinmu, ko na Bianu, ko na kasuwar raƙuma, ko na taron Ingal, ya sani ba nasa ne shi kaɗai ba.

Ita innar ajinmu, na gaya mata gaskiya: abin da ya dushe ba ya dawowa, amma ana iya tsai da ciwon. Muka cire robar. Muka fita inuwa da safe, muka ɗauki hoton da salula mai kyau, muka kai aka buga babba guda biyu. Idanun sun ɗan fito, har ta ce ga girarsa nan. Na asalin muka naɗe da farar takarda, ya bar gwangwanin turare. Bisa ambulan ita da kanta ta rubuta sunan mai gidanta da fensir. Ta ɗauki wajen minti goma, ta goge sau biyu, ba ta yarda na kama mata hannu ba.

Mai tsohon hoto da yake so a duba masa, ya kawo cibiyar karatu ranar da ake aji. A kawo shi cikin takarda, ba cikin aljihu tsirara ba. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen ajiyar takardun gona da na haihuwa.